Shirme Mai Tsari: Nazarin Fim ɗin Tafiyar Iyalin Griswold

Idan aka ce wa ɗalibin adabi ya zaɓi aikin da zai yi nazari a kai, da wuya ya ɗauko fim ɗin barkwanci. An saba ɗaukar abin dariya a matsayin abu mara nauyi, wanda ake kallo a kashe lokaci a tashi, ba wanda ake zama da alƙalami a gabansa ba. Wannan maƙala ta ɗauko ɗaya daga cikin irin waɗannan finafinai, wanda ko masoyansa sun yarda cewa shirme ne, domin ta gwada ma'aunan da muke koya a aji a kansa, wato jigo da zubi da tsari da taurari da salo. Fim ɗin shi ne National Lampoon's Vacation, wanda ya fito a Amurka a shekarar 1983. Tambayar da ke gabanmu ita ce, me ya riƙe shi har ake ci gaba da kallonsa bayan shekara fiye da 40, alhali finafinai da yawa na zamaninsa, waɗanda suka fi shi ɗaukar kansu da muhimmanci, an manta da su?

Asalin fim ɗin

John Hughes ne ya rubuta labarin. Ya fara fitar da shi a matsayin gajeren labari mai suna Vacation '58 a mujallar barkwanci ta National Lampoon a 1979, daga baya aka mai da shi fim a ƙarƙashin jagorancin darakta Harold Ramis. Chevy Chase ya fito a matsayin maigida Clark Griswold, Beverly D'Angelo kuma ta fito a matsayin matarsa Ellen. An kashe kimanin dala miliyan 15 wajen shirya shi, ya kuma samo kimanin dala miliyan 61 a gidajen sinima, abin da ya sa aka biyo bayansa da wasu finafinan a 1985 da 1989 da 1997 da kuma 2015.

Shekarar 1958 da ke cikin sunan gajeren labarin tana da dalili. A 1955 aka buɗe wurin shaƙatawa na Disneyland a jihar Kalifoniya, a 1956 kuma Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar shimfiɗa manyan hanyoyin mota da suka haɗe jihohin Amurka. Daga nan sai ya zama al'ada ga magidanci mai matsakaicin ƙarfi ya zuba iyalinsa a mota lokacin hutun bazara, ya nufi wani wuri mai nisa da su. Saboda haka 'yan kallon 1983 yaran waccan tafiya ne da suka girma, wasunsu ma har sun fara jan nasu 'ya'yan.

Labarin a taƙaice

Clark ma'aikacin kamfanin sinadaran abinci ne a birnin Shikago. Ya ƙudiri niyyar kai matarsa da 'ya'yansa biyu, Rusty da Audrey, wani wurin wasanni da ake kira Walley World a Kalifoniya, tafiyar fiye da kilomita 3,000. Ellen ta ba da shawarar a bi jirgin sama, shi kuwa ya ce sai mota, domin a nan ne zai sami zama da yaransa. Tun kafin a tashi dillalin mota ya cuce shi, ya ɗora masa wata doguwar mota koriya mummuna mai fitilun gaba har guda 8, bayan an riga an murƙushe tsohuwar motarsa. A hanya suka ɓata a birnin St. Louis, barci ya kwashe Clark a kan sitiyari, suka yada zango gidan dangin Ellen a Kansas, inda aka ɗora musu Gwaggo Edna da mugun karenta a ce su sauke ta a Finiks. Karen ya mutu, mota ta yi tsalle ta faɗa cikin hamada, makanikai suka kwashe sauran kuɗin da ke aljihun Clark, ita ma Gwaggo ta cika a kujerar baya. Da suka isa Walley World kuwa, sai suka tarar an rufe shi na mako biyu domin gyara.

Hanya a matsayin zubi

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, labarin tafiya yana warware wa marubuci matsalar zubi tun kafin ya fara rubutu. Akwai mafari, wato gida. Akwai maƙura, wato inda aka nufa. Duk abin da ke tsakani zango-zango ne, kuma kowane zango ƙaramin labari ne mai cin gashin kansa, wanda za a iya cire shi ko a ƙara wani ba tare da ginin ya rushe ba. Wannan zubi ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ke fita neman ruwan, yana faɗawa wannan gari ya fita ya faɗa wancan, kowane gari da irin abin dariyar da zai faru tsakaninsa da Malam Zurƙe. Mai karatu ba ya tambayar me ya haɗa wannan fitowa da waccan, domin hanya ta riga ta haɗa su.

Sai dai akwai abin da mota ta ƙara wanda tafiyar mutum ɗaya ba ta da shi. A gida, in ɗa ya gaji da surutun ubansa sai ya shige ɗaki, in mata ta yi fushi sai ta ba da baya ta kama wani aiki. A mota babu inda za a je. Mutum huɗu ne, daga baya biyar da kare, a cikin akwatin ƙarfe, gwiwa na gugar gwiwa, kwana da kwanaki. Masu iya magana sun ce zo mu zauna zo mu saɓa, to ina ga zo mu zauna a inda ba ƙofar fita? Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a mota da danginsa ya san yadda ƙaramin abu, kamar wa zai zauna kusa da taga, ke zama babbar shari'a bayan awa shida. Wannan sanin shi ne rabin daɗin fim ɗin. Mai kallo yana dariya ne yana gane kansa.

Haka nan zangunan ba a jere su kara zube ba. An tsara su ne bisa hauhawa. Asarar farko ta murafun taya ce, ta biyu ta ran dabba, sannan ta kaya da kuɗi, sannan ran mutum. A duk mataki kuma ana rage wa Clark wani abu daga cikin mutuncinsa na magidanci mai bin doka, har mutumin da ya fito gida da taswira da jadawali ya kai ga ɗibar kuɗi daga akwatin otal ya ajiye takardar cakin banki a madadinsu. Wannan ne ma ya sa da suka zo Grand Canyon, babban kwazazzabon nan na Arizona da mutane ke tahowa daga ƙasashe domin su gani, bai bari iyalinsa sun kalle shi ba sai na 'yan daƙiƙoƙi, ya gyaɗa kai ya ce a tafi. Wanda bai ga fitowar otal ba zai ɗauka wauta ce kawai. Wanda ya gani ya san gudu yake yi. Ga misalin yadda fitowa ɗaya ke ɗora wa ta gaba nauyi, ko a cikin zubin da ake ganin kamar sakakke ne.

Clark, wawa mai kyakkyawar niyya

Masana sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke sa mutum dariya. Thomas Hobbes, a ƙarni na 17, ya ga cewa mutum kan yi dariya ne idan ya ji kwatsam ya fi wani. Wasu, irin su Kant da Schopenhauer, suka ce dariya na zuwa ne daga saɓani tsakanin abin da aka zata da abin da ya faru. Amma ra'ayin da ya fi dacewa da Clark shi ne na Bafaranshen nan Henri Bergson, wanda ya fitar da littafinsa a kan dariya a 1900. A ganinsa, muna yi wa mutum dariya ne idan ya daina lanƙwasawa yadda mai rai ke yi, ya koma tafiya kamar inji, yana maimaita abu ɗaya ko da yanayi ya sauya. Clark ke nan. An kunna shi a kan manufa ɗaya, wato sai iyalinsa sun ji daɗi, kuma babu abin da zai kashe shi. Mota ta lalace, yana murmushi. Kuɗi sun ƙare, yana murmushi. Iyalin da ake yi dominsu sun ce a koma gida, ya hau su da faɗa a kan lallai sai sun ji daɗin nan ko suna so ko ba sa so. A nan ne wautar ta kai maƙura, domin daɗin da aka tilasta wa mutum ya riga ya tashi daga daɗi.

Kada ɗalibi ya yi saurin kwatanta shi da Gizo na tatsuniya. Gizo mai wayo ne, son kansa ke jefa shi cikin wahala, kuma idan asirinsa ya tonu muna jin ya yi daidai. Clark ba shi da wayon, kuma a mafi yawan lokaci ba kansa yake wa aiki ba. Akwai wata fitowa a hamada, bayan mota ta faɗi, inda ya zauna da ɗansa Rusty yana gaya masa cewa shi ma yana yaro mahaifinsa kan kai su irin wannan tafiya kusan kowace shekara, amma ba su taɓa jin daɗinta ba. Yana maganar gilashin idonsa da ya karye yana rabewa biyu a fuskarsa. A ganina wannan ce fitowa mafi muhimmanci a fim ɗin gaba ɗaya, domin ita ta bayyana jigon. Mutum ne ke ƙoƙarin biyan bashin da ba shi ya ci ba, yana so ya ba 'ya'yansa abin da ba a ba shi ba, kuma yana bin hanyar da ta kayar da mahaifinsa sak. Ba don wannan fitowa ba, da Clark ya zama mahaukaci kawai, kuma ba a yi wa mahaukaci dariyar awa ɗaya da rabi.

A nan akwai darasi game da mahangar labari. A gajeren labarin Hughes, ɗan ne ke ba da labari, saboda haka ana kallon uban daga kujerar baya, a matsayin wani babban mutum da hankalinsa ke kwancewa a hankali. Da aka zo fim sai aka mai da labarin na uban, aka dawo da mai kallo kujerar gaba. Abubuwan da suka faru kusan ɗaya ne, amma ma'anar ta sauya: can tsoro da mamaki ne suka fi yawa, nan kuwa tausayi ya shigo. Wanda ke koyon rubutun zube sai ya riƙe wannan.

Ba a wanke Clark tas ba. Akwai wata budurwa mai jar motar Ferrari da ke gilmawa a hanya, wadda yake rawar kai a kanta har ya kunyata kansa a wurin wanka na otal, kowa na kallo har da matarsa. Wannan reshe na labarin shi ne mafi rauni a wurina, an sa shi ne don jan 'yan kallon wancan zamani, kuma haƙurin da aka ɗora wa Ellen a kansa ya wuce hankali.

Gawa a kan rufin mota

Yanzu sai mu zo wurin da ake saɓani. An ɗaure kare a bamban mota an manta, aka ja shi a kan kwalta har ya mutu. Gwaggo Edna ta rasu a cikin barci tsakanin yara biyu, aka naɗe ta aka ɗaure a kan rufin mota, aka kai ta gidan ɗanta a Finiks, ba a same shi ba, aka ajiye ta a kujera cikin ruwan sama da 'yar wasiƙa, Clark ya yi wata addu'a ta soki-burutsu aka wuce. Ga mai kallon da ya tashi a inda ake gaggauta suturta mamaci, kuma ake ganin girman tsoho ko da masifaffe ne, wannan abu ne mai wuyar haɗiya. To me ya sa ake dariya?

Da farko, dubi abin da kyamara ta nuna da abin da ta ɓoye. Ba a nuna mutuwar karen ba. Abin da aka nuna shi ne igiya a hannun ɗan sanda, da fuskar Clark yana ƙoƙarin nuna baƙin cikin da ba ya ji sosai. Na biyu, an riga an shirya zuciyar mai kallo, domin tun shigowar Gwaggo ba ta furta kalma mai daɗi ba, karen kuma cizo yake yi, har ya yi fitsari a kwandon abincinsu. Bergson ya ce dariya na bukatar a ɗan sumar da zuciya na wani lokaci, kuma abin da darakta ya yi ke nan. Na uku, Sigmund Freud, a littafinsa na 1905 a kan raha, ya nuna cewa barkwanci kan ba mutum damar fitar da abin da kunya ta hana shi faɗa. Kowane dangi na da wanda zama da shi ke da wuya, kuma ba mai iya faɗin haka a fili. Fim ɗin ya faɗa a madadin kowa, ya kuma wuce gona da iri yadda ba wanda zai ɗauke shi a matsayin shawara.

Akwai kuma wani abu da ɗan kallon Amurka ke ji a ƙarƙashin wannan dariya. A 1939 John Steinbeck ya fitar da littafinsa The Grapes of Wrath, wanda John Ford ya mai da shi fim a 1940. Labarin iyalin Joad ne, manoma da fari da bashi suka kora daga Oklahoma, suka loda kayansu a tsohuwar mota suka nufi Kalifoniya neman aiki. A hanya mota ta take karensu, kakarsu ta rasu ana tsallake hamada, uwar ta ɓoye mutuwar har aka ƙetare, da suka isa kuma ba su tarar da abin da aka yi musu alkawari ba. Kare, tsohuwa, hamada, Kalifoniya, ƙofa a rufe: ƙashin bayan labarin ɗaya ne. Bambancin shi ne iyalin Joad yunwa ta fito da su, iyalin Griswold kuwa lilo za su hau. Idan aka ɗauki zubin labarin baƙin ciki aka zuba masa manufa maras nauyi, abin da ke fitowa shi ne barkwanci. Wannan dabara ce da ya kamata mai nazari ya iya ganewa duk inda ya gamu da ita.

Ba kowace dariya ce ta fim ɗin za a iya karewa haka ba. Fitowar St. Louis, inda suka faɗa unguwar baƙaƙen fata aka kwance musu murafun taya Clark na tambayar hanya, an gina ta ne a kan tsohon zargin nan cewa unguwar baƙar fata matattarar ɓarayi ce. A sauran fitowa wautar Clark ake yi wa dariya, a nan kuwa an haɗa da wasu mutane da ba su yi komai ba sai zama a unguwarsu. Ramis da kansa ya nuna rashin jin daɗinsa da ita daga baya. Ma'aunin da za a riƙe mai sauƙi ne: a duba wa dariyar ta faɗa wa, kuma da me ya jawo ta.

Ƙarshen da aka sake

Yadda aka fara ɗaukar ƙarshen fim ɗin, Clark ya tafi gidan mai wurin ne, Roy Walley, ya tsare shi da bindiga ya tilasta masa ya nishaɗantar da iyalinsa. Wannan ya fi kusa da gajeren labarin, inda uban ya harbi Walt Disney a ƙafa. Da aka nuna wa 'yan kallon gwaji, sai suka ƙi shi. An ja su tafiyar awa ɗaya da wani abu ana ambaton Walley World, sannan a hana su ganinsa? Dole aka koma aka ɗauki sabon ƙarshe a wurin wasanni na Six Flags Magic Mountain, aka kawo John Candy a matsayin mai gadi. Clark ya naushi mutum-mutumin dabbar da ke sanar da rufewar, ya sayo bindigar wasa mai harba 'yan ƙananan dalma, ya tasa mai gadin a gaba suka hau duk abin hawan da ke wurin. 'Yan sanda suka zo, Roy Walley ya zo, ya ji bayani, ya tuna tasa tafiyar da iyalinsa, ya yafe. Ta fuskar hankali wannan ƙarshe ba ya tsayuwa. Ta fuskar zubi kuwa shi ne daidai, domin labarin tafiya alkawari ne tsakanin marubuci da mai kallo cewa za a isa.

Waɗanda suka biyo baya sun gwada wannan zubi da sakamako mabambanta. A 2006 kaɗai an sami guda biyu. RV, wanda Robin Williams ya fito a ciki, ya riƙe motar da faɗuwa da ƙazanta, amma uban ƙarya ya yi wa iyalinsa domin ya halarci taron aiki, saboda haka tausayin da ke riƙe Clark bai samu sosai ba, masu sharhi kuma ba su yaba ba. Little Miss Sunshine kuwa, mai 'yar bas rawaya da sai an tura take tashi, shi ma kaka ya rasu a hanya an ɗauko gawarsa a bayan mota, amma an ba kowane ɗan gidan nasa ciwon, har fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu a 2007.

Matsalar harshe

Ga mu ɗaliban harshe, akwai sauran aiki. Barkwancin fim ɗin iri biyu ne. Akwai na jiki, kamar faɗuwar mota da gudun da Clark da Rusty suka yi a filin ajiye motoci da ba kowa a cikinsa, wanda ba ya bukatar fassara. Akwai kuma na baki, wanda ya dogara ga rajistar magana. Clark yana magana ne da harshen tallar rediyo da na takardun yawon buɗe ido, cike da zaƙi da ƙarfafa gwiwa, a daidai lokacin da komai ke rushewa. Mai fassara da ya bi kalma da kalma zai kawo ma'anar ya bar dariyar a baya. Abin da zai nema shi ne muryar da Bahaushe ya sani mai irin wannan aiki, kamar ta mai tallar magani a tasha, ko ta maigidan da ke ce wa baƙi komai lafiya lau alhali hayaƙi na fitowa daga ɗakin girki. Haka kuma sunayen da ake kiran juna: Edna a bakin Ellen Gwaggo ce, kuma da zarar an sa mata wannan suna a Hausa nauyin abin da aka yi wa gawarta ya ƙaru fiye da yadda yake a Ingilishi. Mai fassara sai ya yanke shawara tun daga fitowarta ta farko, ko zai bar nauyin ya yi aikinsa, ko kuwa zai ƙara mata masifa a baki domin mai kallo ya iya jure abin da ke zuwa.